Likita Girinwud da Ciwon Sanƙarau

Ina gode wa malamin aji da ya bar mini sa'arsa ta yau. Na ga waɗansu sun rufe littattafansu. Ba laifi, amma ku bar fensir a hannu, gama akwai shekaru da lissafi cikin maganata, ina kuwa so ku gwada rubuta su.

Ga hunturu yana ƙarewa, zafi ya kunno kai. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da dattawa su ke tsoro a wannan lokaci, watau sanƙarau. Yaro ya wuni yana wasa, da dare ya ce kansa yana ciwo, jikinsa ya yi zafi, ya yi amai. Kafin gari ya waye wuyansa ya sanƙare, ba ya iya sunkuyar da kai, ba ya son haske. In jariri ne, sai ku ga maɗigarsa ta kumbura. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda ya kama, ko fiye, ba su kan tashi ba. Ko da an yi maganin ma, wajen ɗaya cikin goma ya kan rasu. Cikin waɗanda suka warke kuwa, akwai masu kurumcewa har iyakar ransu. Na tabbata a ajin nan akwai wanda ya san irin wannan kurman.

To, yau labarin wani likita zan ba ku, wanda ya yi shekara goma a Zariya yana fama da wannan ciwo. Sunansa Brian Greenwood. Mu dai Girinwud za mu riƙa cewa, ya fi sauƙi a baki.

An haife shi a Ingila cikin 1938. Ya yi karatu a jami'ar Kambirij da wani asibiti na Landan, ya zama likita cikin 1962. Cikin 1965 ya zo babban asibitin koyarwa na Ibadan, yana saurayin likita. A lokacin ba sanƙarau ne a ransa ba. Abin da ya fi sha'awa shi ne ciwon gaɓɓai.

Kafin mu ci gaba sai na bayyana muku wani abu, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam masu tsaro a cikin jini, su a ke kira garkuwar jiki. Ku ɗauke su kamar dogaran sarki. In baƙuwar ƙwayar cuta ta shigo, sai su tare ta, su yi kokawa da ita. In sun ka da ita, su kan riƙe kamanninta, har in ta sake dawowa su gane ta tun daga ƙofar gari. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Allurar rigakafi kuwa ba wani abu ba ce illa a nuna wa dogaran nan kamannin ɓarawo tun bai zo ba. Amma wani lokaci dogaran su kan ruɗe, su faɗa wa mai gida da duka. Akwai wani irin amosanin gaɓɓai da haka ya ke samuwa, jiki ne ke yaƙar gaɓɓansa da kansa.

Irin wannan amosanin ya yi yawa a Ingila. Da Girinwud ya zo Ibadan sai ya ga ba ya cika ganinsa ba. Wani likitan sai ya ce alhamdu lillahi, ya wuce. Shi kuwa sai ya zauna ya bi littattafan asibitin na shekaru da yawa, yana ƙirga. Ya tarar lalle ciwon kaɗan ne. Ya ce a ransa, ko dai zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da mutanen nan su ke sha tun suna yara su ne su ke sauya halin garkuwarsu? Ya rubuta wannan zato cikin 1968. Da ya koma Ingila don ya ƙaro ilmin garkuwar jiki, sai shi da abokan aikinsa suka gwada. Akwai wani irin ɓera da a ke kiwo don bincike, wanda garkuwarsa ta kan juya ta ɓata masa ƙoda, ya mutu da wuri. Suka sa wa ɓerayen nan zazzaɓin cizon sauro irin na ɓeraye. Ga mamaki, sai ciwon ƙodar ya lafa, suka daɗe a duniya. An buga labarin cikin 1970.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce zazzaɓi magani ne. Abin da aka gane shi ne zazzaɓin cizon sauro yana danne garkuwar jiki. Abin da ya hana dogari dukan mai gida, shi zai hana shi kama ɓarawo. Za ku ji yadda wannan ya shafi 'ya'yanmu.

Cikin 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, Girinwud ya dawo Nijeriya, amma wannan karon Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sabuwar makarantar likitoci, ana neman malamai. Asibitin yana Tudun Wadan Zariya a lokacin, tun ba a koma Shika ba. Shugaban sashen wani Bature ne, Farfesa Eldryd Parry, ya tara samarin likitoci, Turawa da 'yan ƙasa. Akwai Hilton Whittle, wanda ya zama abokin aikin Girinwud na shekaru da yawa. Akwai David Warrell, wanda ya himmatu wajen saran maciji, musamman kububuwa. Girinwud ya kafa ɗan ɗakin bincike kusa da ɗakunan majinyata, yana duba marasa lafiya, yana koyar da ɗalibai, yana kuma awon jini.

Aikin da ya fara shi ne ƙarasa maganar ɓerayen nan, amma a kan mutane. Aka yi wa yara masu zazzaɓin cizon sauro allurar rigakafi, aka yi wa masu lafiya, sa'an nan aka auna jininsu. Sai aka tarar jikin masu zazzaɓi bai karɓi allurar sosai ba. Wannan cikin 1972 ne. Daga baya aka ga haka abin ya ke har da allurar sanƙarau. Ashe zazzaɓin da mu ke rainawa, muna cewa ai na damina ne, zai wuce, ba shi kaɗai ya ke zuwa ba, yana buɗe wa waɗansu cututtuka ƙofa.

Amma sanƙarau shi ya ci ƙarfin aikinsa a Zariya. Ciwon ba sabo ba ne. Tun cikin 1905 aka rubuta labarin annobarsa a Arewa, a wajen Zungeru. Cikin 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana taswirar inda ya ke yawan ɓarkewa. Sai ga shi ya yi ɗamara a tsakiyar Afirka, tun daga Sanagal a yamma har Habasha a gabas. Mu da Nijar da Cadi muna tsakiyar ɗamarar nan. Kowace bazara ana samunsa kaɗan kaɗan, bayan 'yan shekaru kuma sai ya zo da ƙarfi.

Cikin 1977 ya zo Zariya da ƙarfi. Cikin wata uku aka kwantar da mutum fiye da 1,200 a asibitin. Malam, a rubuta musu a allo. Ku raba da kwana 90, za ku ga kowace rana fiye da mutum goma sha uku ke nan, ban da masu sauran cututtuka. Yawancinsu yara ne daga shekara 5 zuwa 14. Annobar ta fara sa'ad da zafi da ƙura suka yi tsanani, da ruwan sama ya sauka sai ta lafa.

Matsala ta fari ita ce magani. A dā ana ba da ƙwayar salfa, tana aiki. Amma a hankali ƙwayar cutar ta saba da ita, ta daina jin ta. Sai aka koma allurar fenisilin. Ita kuwa sai an yi ta bayan 'yan sa'o'i kaɗan, dare da rana, kwana da kwanaki. Ku duba fa. Ɗaki cike da majinyata, waɗansu a ƙasa, ga malaman jinya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wa zai bi kowa da allura har tsakar dare? Balle a ɗakin shan magani na ƙauye, inda malami ɗaya ne tak. Sai likitocin Zariya suka gwada wani magani da a ke yi a Faransa, sunansa kuloramfenikol, wanda aka dama da mai. Saboda man nan, in an yi allurar a tsoka ba ya bin jiki gaba ɗaya, sai ya riƙa tsattsafowa a hankali. Suka tarar allura ɗaya tana warkar da yawancin majinyata, wanda bai ji sauƙi ba a ƙara masa ta biyu. Sunan da ke gaba a takardar da aka buga cikin 1979 na ɗan ƙasa ne, Likita Sadiƙ Wali na Kano. Shekaru da yawa wannan allurar ita ce makamin da a ke tarar annoba da shi a ƙasashen ɗamarar nan. Yanzu an bar ta, an koma wani magani mai suna seftiriyazon. Amma a zamaninta ta ceci rayuka masu yawa, don ta dace da halin da a ke ciki. A ganina wannan shi ne gwanintar likita, ya duba abin da hannunsa zai iya kaiwa.

Matsala ta biyu ita ce tambaya: ina ciwon ya ke ɓuya da damina? Don su sami amsa suka fita daga asibiti, suka shiga ƙauyukan ƙasar Malumfashi. Su kan sa tsinke mai auduga su shafo maƙogwaron mutane masu lafiya lau, su kai ɗakin bincike su shuka, su ga abin da zai tsiro. Suka yi ta yi rani da damina. Sai suka tarar ƙwayar sanƙarau ba ta tafiya ko'ina. Tana nan zaune a maƙogwaron mutane da yawa, ba ta yi musu kome, tana bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan, da damina kamar da rani. Abin da ya ke sauyawa shi ne, da bazara ta kan sami hanya ta ratsa cikin jini, ta kai ga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Suka ɗora laifin a kan busasshiyar iska da ƙura, masu busar da hanci da maƙogwaro su raunana su.

Kun ga ke nan ba majinyaci ne kaɗai mai yaɗa ciwon ba. Gudun gidan da aka yi sanƙarau ba ya tsirar da kowa, gama mai ɗauke da ita yana iya zama wanda kuka ci tuwo tare da shi, lafiyarsa ƙalau.

A lokacin akwai allurar rigakafi, sabuwa ce. Girinwud da abokansa sun yi wa mutanen gidajen majinyata, suka ga tana kāre su. Amma suka ga aibinta guda uku. Ba ta kama jikin ƙananan yara sosai. Ƙarfinta ya kan ƙare bayan kamar shekara uku. Sa'an nan ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro, watau wanda aka yi wa ya tsira, amma yana nan yana raba wa maƙwabta. Saboda haka sai aka riƙa jira annoba ta ɓarke, kāna a garzayo da allura, kamar masu kashe gobara. Sau da yawa kafin allurar ta iso, ruwan sama ya riga ya kashe wutar, an kuwa riga an yi asara.

Cikin 1980 Girinwud ya bar Zariya, aka ba shi shugabancin babbar ma'aikatar bincike ta Ingila da ke ƙasar Gambiya. Ya yi shekara goma sha biyar a can. Abin da ya fara shi ne ƙirga. A ƙauyuka yara suna mutuwa a gida, ba wanda ya ke rubutawa. Aka sa mutane a wajen Farafenni su riƙa rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwa, su tambayi uwa yadda ciwon ya yi. Sai ga zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu a kan gaba.

Daga nan aka zo ga gidan sauro. Mutanen Gambiya sun saba da shi tun dā. Abin da aka ƙara shi ne a tsoma shi cikin ruwan maganin ƙwari, don sauron da ya sauka a kai ya mutu. Cikin 1991 aka buga sakamako: a ƙauyukan da aka tsoma, mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ta ragu da fiye da rabi. Mutane da yawa suka ce anya kuwa? Gwamnatin Gambiya ta yi shi a ƙasa baki ɗaya, aka sake ƙirga, aka ga mutuwar yara ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka ce kowa ya riƙa biyan kuɗin maganin tsomawa, sai yawancin mutane suka daina. Gidan sauron da a ke raba muku kyauta yau, tushensa yana cikin wannan aiki da irinsa. Wanda ya kai nasa lambu ya rufe yabanya, ya ji.

Ba kome ne ya yi nasara ba. Wani masani daga Kolombiya, Manuel Patarroyo, ya haɗa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, duniya ta ɗauka da murna. Aka gwada ta a kan jarirai a Gambiya, cikin 1995 aka buga cewa ba ta kāre su ba. Ba daɗi, amma haka aka rubuta. Allurai biyu na ciwon huhu da sanƙarau na jarirai kuwa, da aka gwada a can, sun yi aiki, suna cikin waɗanda a ke yi wa jariranmu yanzu.

Cikin 1996 ya koma Landan, makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi. A shekarar nan ce sanƙarau ya yi ɓarnar da ba a taɓa rubuta irinta ba. A Afirka mutum wajen 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai an rubuta 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. Farfesa Idris Mohammed, mutumin Gwambe, wanda shi ma masanin cututtuka masu yaɗuwa ne da garkuwar jiki, shi ne kan gaba cikin waɗanda suka tattara wannan lissafi.

Na san abin da ke ran waɗansunku, gara in faɗa da kaina. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a, har cikin 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Abin ya bar tabo. Duk maganin da ke asibiti sai da aka gwada shi a kan mutane, ba makawa. Amma doka ita ce a yi maka bayani da harshenka, ka yarda ko ka ƙi, in ka ƙi kuma a yi wa ɗanka magani kamar kowa. In an miƙo muku takarda, ku karanta kafin ku sa hannu. Ga amfanin zaman da ku ke yi a nan.

Bayan annobar 1996 aka tashi neman allurar da ta fi ta dā. Ga dabarar. Ƙwayar sanƙarau tana sanye da riga mai santsi, irin ta sukari. Tsohuwar allura rigar nan kaɗai ta ke nuna wa dogarai, su kuwa ba su cika riƙe kamannin sukari ba, balle na jarirai. Sai aka ɗinka rigar a jikin wani abu da dogarai su ke ganewa da sauri, watau dafin ciwon sarƙe-haƙora wanda aka kashe ƙarfinsa. In sun kama wannan, sai su riƙe kamannin rigar duka. An gwada irin wannan ɗinki a kan jariran Gambiya tun Girinwud yana can. Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka ɗauki aikin cikin 2001, wani kamfani na Indiya ya yarda ya yi kowace allura a kan ƙasa da rabin dalar Amurka. Aka sa mata suna MenAfriVac. An fara ta cikin Disamba 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Arewacin Nijeriya cikin 2011.

Saura tambayar Malumfashi: tana korar ƙwayar daga maƙogwaro? Girinwud ya shugabanci ƙungiyar masu bincike daga ƙasashe bakwai, har da Nijeriya da Nijar, suka koma ga tsinke da auduga. A Cadi aka sami amsa. Cikin Disamba 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 allurar a Injamena da kewayenta, ana tsakiyar annoba. Da bazara ta zo, inda aka yi allurar ciwon ya ragu da kashi 94 cikin ɗari, in an gwada da inda ba a yi ba. Ƙwayar kuma ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron mutane. Fiye da shekara talatin tsakanin tambayar da amsarta.

Amma ku lura da kyau. Ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce, kowane da irin rigarsa, an sa musu baƙaƙen boko. MenAfriVac ta dangin A ce kaɗai, wanda ya yi ɓarnar 1977 da 1996. Da A ya kau sai C ya taso. Ya ɓarke a Nijar cikin 2015, sa'an nan cikin 2017 ya kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, Zamfara ce ta fi shan wuya, fiye da 1,100 suka rasu. Mutane suka ce ai an yi mana allura, ashe ba ta aiki. Tana aiki, wani ɓarawo ne dabam ya shigo. Cikin Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara sabuwar allura mai kāre dangi biyar, A da C da W da X da Y. Saboda haka wanda aka yi wa ta dā, in an zo da sabuwa kada ya ce ya riga ya yi. Ya ɗauko katinsa ya duba abin da aka rubuta.

Maganin nan kuma da a ke bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata da damina, shi ma da hannun Girinwud a ciki. An gwada a Sanagal, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cikin 2012, aka fara a jihar Katsina cikin 2013. Kwana uku a ke sha, mai rabo ya ba da na fari, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. Waɗannan biyun su a ke yawan mantawa. Cikin 2021 kuma, shi da abokansa a Mali da Burkina Faso suka nuna in an haɗa maganin nan da allurar rigakafin zazzaɓi, mutuwar yara daga zazzaɓi tana raguwa da wajen kashi 70 cikin ɗari, bisa ga maganin kaɗai. Yana da shekara fiye da 80 a lokacin. Ƙasar Japan ta ba shi babbar lambar yabo cikin 2008, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sa cikin 2012.

Ga abin da za ku gaya wa mutanen gida in kun koma. Zafin nan da ke tafe, a buɗe taga, a rage cunkoso a ɗaki. Yaron da ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya tsaga ko turare, a nufi asibiti. In likita ya ce zai ɗebi ruwa daga bayansa da allura, a bari, da ruwan nan ne a ke gane ko sanƙarau ne, da kuma danginsa.

To, a nan zan tsaya. Malam ya ce akwai masu tambaya. Baba na can baya, kai ka fara ɗaga hannu, bismilla.